Gaisuwar Sekove a Bakin Kabari

Sekove ɗan ƙanwata Akanisi ne, ni na ƙarasa rainonsa bayan ciwon suga ya ɗauke ta. Mutum ne mai matsakaicin hankali, da bakin da ya fi hankalin sauri. Yanzu ya haura talatin, ya ajiye tumbi, yana gyaran waya a wani ɗan shago kusa da kasuwar Lautoka a nan Fiji, kuma har yau a ɗakin bayan gidana yake kwana.

Bai yi nisa a makaranta ba. Ya gwada yankan rake kaka ɗaya, ya dawo da kanta a hannu da rantsuwar ba zai koma ba. Ya yi kwandastan bas, aka sallame shi saboda yakan tsaya hira da fasinja har direba ya gaji da danna ham. Gyaran waya ne ya zauna masa, domin aikin zaune ne, kuma mai waya dole ya tsaya ya saurare ka har ka gama.

Idan ya rufe shago da yamma sai ya shige ɗaki, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, ya kunna wasan nan da ake zuba mutane a tsibiri su yi ta harbin juna har saura ɗaya. Ba shi kaɗai yake yi ba. Yana haska kansa kai tsaye a intanet, mutane na kallo daga Suva, Auckland, Brisbane, har da masu aikin tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Ostareliya, suna rubuta masa magana a gefen allo yana amsawa. Bai iya wasan ba. Idan ya auna mutum, bishiya yake samu. Shi ya sa suka raɗa masa Tavioka, wato rogo, suka ce da saiwar rogo aka yi yatsunsa. Ya karɓi sunan ya liƙa a saman shafinsa.

Bangon gidana katako ne, don haka na koyi yarensu ba da son raina ba. Wanda bai iya ba, nub ne. Idan sabis ya ja ƙafa hoto ya sandare, lag ne. Idan gwani ya ja ragwaye har suka ci, ya goya su, kuma Sekove ya sha goyo fiye da jaririn da na taɓa gani. Idan an gama wasa, wanda ya ci da wanda aka ci duk su rubuta jiji, ma'ana wasa ya yi kyau, a tashi ba gaba. Idan aka kashe mutum a wasan sai su jera harafin ef, wai ta'aziyya ke nan. Akwai kuma hari. Mai haskawa idan zai rufe, ba ya sallamar masu kallonsa haka nan, sai ya kwashe su gaba ɗaya ya juye a shafin wani abokinsa da ke kan haskawa. Kyauta ce babba a wurinsu. Masu zuwa su shigo da ihu da kirari, mai gida kuma dole ya bar abin da yake yi ya tarbe su nan take. Wanda aka kawo wa hari ya yi shiru, an gama da shi, ba mai sake kawo masa.

Sekove ya sa wa harin ƙararrawa ta musamman, kukan alade da ganga a bayansa. Ya kuma sa wata muryar inji, muryar mace mai sanyi kamar ta masu sanarwa a filin jirgi, tana karanta abin da aka rubuta don kada ya ɗauke ido daga wasa. Duk lokacin da aladen nan ya yi kuka ina wanke kwanuka, sai in ji shi ya zabura yana marabtar baƙi.

Abin da ya tara masa mutane shi ne gaisuwa. Ba wanda zai shigo shafinsa bai kira sunansa ba, ya tambayi ƙafar babarsa, ya tambayi ko an biya shi albashin gonar. Ya taɓa gaya mini cewa dokarsa ɗaya ce, ba a shigo masa gida ya yi shiru. Na ce masa wannan dai tarbiyyar ƙauye ce, ba ta inji ba, kuma na ji daɗi a raina. Na ma faɗa wa matan coci.

Yayanmu Apimeleki, wanda Sekove ke kira Momo, shi ya zauna a ƙauyenmu a lardin Ra yana noman gwaza da kamun kifi. Ɗan 'yar'uwa a garin kawunsa ba a hana shi komai, kuma Sekove ya ci wannan gata har ya gaji. Yana yaro ya taɓa nuna ɗan akuya ya ce nasa ne, Apimeleki ya ɗaure masa shi a bayan mota ba musu. Kawun bai taɓa gane harkar haskawar yaron ba, yana ce masa mai gidan rediyo. Amma duk Kirsimeti, idan aka zauna shan yangona, abin shanmu na gargajiya da ake damawa daga saiwa, kusa da shi yake zaunar da shi, ƙoƙon da ya bi nasa na Sekove ne. Mutumin da ba shi da uwa, ubansa kuma ya yi wani aure a Labasa ya manta da shi, wannan wurin zaman shi ne duk abin da yake da shi na asali.

Apimeleki ya faɗi a gona da safe, kafin a kai shi asibiti ya cika. Ɗansa ɗaya namiji, Inoke, soja ne a Ingila, kuma ba yadda za a yi ya iso kafin a binne. Matar marigayin, Salanieta, ita da kanta ta kira Sekove ta ce ya haska jana'izar don Inoke da sauran dangi na waje su gani, kuma a bakin kabari a bar Inoke ya yi wa ubansa sallama da bakinsa. Sekove ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya aro lasifika, ya sayi batir na ajiya, ya je ƙauye tun ana gobe ya zagaya maƙabarta da waya a sama yana neman inda sabis ya fi ƙarfi.

Sabis ɗin ƙauyenmu ba ya ɗaukar komai. Ya gwada shafin dangi, hoto ya ƙi tafiya. Sai ya koma nasa shafin na wasa, wanda ya riga ya saita shi yadda zai yi aiki ko da sabis ya yi rauni. Ya sanar da mutanensa na kullum cewa yau ba wasa, jana'izar kawunsa ce. Suka kuwa kama kansu. Daga baya na ji labarin abin da suka rubuta a lokacin coci, ef ne kawai jefi-jefi, sai wani da ya ce Allah ya ba da haƙuri. Muryar inji a rufe take tun safe. Abin da bai tuna ba shi ne ya saita ta ta buɗe da kanta idan hari ya zo.

Aka fito da akwatin an naɗe shi da tabarmi masu kyau, aka kai bakin rami. Mu mata muna zaune a ƙasa gefe ɗaya, ni ina kusa da Salanieta. Maza suka ɗora akwatin a kan igiyoyi. Fasto ya gama addu'a ya ɗaga wa Sekove kai. Sekove ya matso da wayar a kan sanda, ya ƙure lasifika, fuskar Inoke ta fito a kusurwar allo cikin kakinsa. Wurin ya yi tsit, ko yara ba mai motsi. Inoke ya ja numfashi, muna jin numfashin a lasifika.

Sai alade ya yi kuka.

Wani abokin Sekove ne a Brisbane, Shalvin, ya gama nasa wasan, ya ga Tavioka na kan haskawa, ya juye masa jama'arsa ba tare da ya leƙa ba, kamar yadda suka saba yi wa juna. Ganga ta biyo bayan aladen. Matar inji ta fara karanto kirarinsu da muryarta mai sanyi, hari, hari, a fito da rogo a dafa, tana maimaitawa ba numfashi.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce laifin inji ne. Amma ina kallon fuskar Sekove lokacin. Ta washe. Ya ɗaga hannu sama, da muryar nan da nake ji ta bango kullum, ya ce, "Oho, barka da zuwa 'yan hari! Shalvin ɗan'uwana, ka kyauta, ku shigo ku zauna, gida naku ne!"

Sai da ya kai ƙarshen maganar sannan ya ga inda yake tsaye. Hannun ya sauko a hankali. Ya shiga danne-danne yana neman kashe muryar, ita kuwa tana ci gaba da karanta abin da baƙin ke rubutawa da suka fara ganin rami da akwati. Ɗaya daga cikin masu riƙe da igiya ya firgita, igiyar ta zame, akwatin ya karkata kafin a tare shi. Jama'ar da suka afko suka fi ƙarfin sabis ɗin, hoto ya sandare, ya ɗauke. Aka binne yayana, Inoke bai ce masa ko kalma ɗaya ba.

Ba wanda ya zagi Sekove, ba wanda ya taɓa shi. Mu ba haka muke yi ba. Aka koma rumfa, aka zauna, aka dama yangona. Ya je ya zauna can ƙarshe kusa da takalma. Mai rabo ya zo kansa da ƙoƙo, ya wuce shi ya ba na gaba. Zagaye na biyu ma haka. Kafin a buɗe ramin gashin abinci ya tashi ya bi motar kaya ya koma Lautoka. Ni na zauna har aka gama zaman makoki, kuma duk matar da ta zo yi mini ta'aziyya sai ta ƙara da cewa yaran yanzu sai haƙuri. Na gwammace a mare ni.

Kafin in dawo gida wani ya yanko wurin gaisuwar ya watsa. Ya zagaya Fiji, ya tsallaka teku. A kasuwa yara masu tura baro suna hango shi sai su ɗaga hannu su ce barka da zuwa 'yan hari. Wani mai sayar da abarba ya tambaye shi ko yana karɓar kwangilar jana'iza, wai surukarsa ta kusa. Shalvin ya yi ta kira yana ba da haƙuri har da kuka, Sekove ya ce masa ba laifinsa ba ne, shi ya yi abin da ake yi. Ya daina haskawa. Bangon ya yi shiru, ban kuma ji daɗin shirun yadda na zata ba. A ɗaki yake cin abinci. Ya kira Inoke ba adadi, ba a ɗauka ba. Ni ma na koma zaman bencin baya a coci.

Da bikin dare na ɗari ya matso, ranar da ake cire baƙaƙen kaya, na buga masa ƙofa na ce ya fito. Na gaya masa idan aka yi wannan biki bai je ya nemi gafara ba, to ya manta da ƙauyen, ba zai sake shan ƙoƙo a can ba, kuma ranar da na mutu ba shi da inda zai tsaya. Ya ce ba zai iya haɗa ido da Nei ba, haka yake kiran Salanieta. Na ce ba wanda ya ce ya haɗa ido, mai neman gafara ƙasa yake kallo.

Ya sayi saiwar yangona dami mai nauyi, muka ɗauki baffansa Waisale don ya yi masa baki, muka hau bas. Da hantsi muka shiga gidan. Dattawan dangi na zaune ta sama, Salanieta na gefe cikin baƙar rigarta da waya a cinya. Sekove ya shigo da rarrafe ya zauna bakin ƙofa, kai a sunkuye. Waisale ya dafa damin ya yi magana mai tsawo yadda ake yi, ya ce yaro ya yi wauta, ya zo ya miƙa wuya. Ya gama ya yi tafi. Babban dattijo ya miƙa hannu zai taɓa damin, wanda shi ne alamar an karɓa. Salanieta ta ce a dakata.

Mace ba ta cika magana a irin wannan zama ba, amma ba wanda ya hana ta. Ta ce ta kalli hoton nan har ta haddace shi, kuma akwai rubutun da ke gudu a gefensa wanda ba ta gane ba. An yi magana a kan mijinta a bakin kabarinsa, tana so ta san me aka ce kafin ta yafe. Ta turo wayar a kan tabarma har gaban Sekove.

"Wannan harafin da suka cika wuri da shi, zagi ne?"

Ya ce a'a, Nei, gaisuwar mutuwa ce. Ta tambaya ko mutuwar gaske. Ya ce yawanci ta wasa, amma ba su da wata, ita suke yi wa ta gasken ma. Ta ce to, ci gaba.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa kamar ta mai zazzaɓi, gumi na ɗiga daga hancinsa a kan gilashin wayar. Ya fassara jiji, ta ce wa ya gaya musu wasa ake yi. Ya fassara wanda ya rubuta cewa tsoho ya yi lag, ya ce ana nufin ya sandare ba ya motsi. Wani dattijo ya yi tsaki. Ya zo kan wanda ya tambaya yaushe mamacin zai dawo, domin a wasan idan an kashe ka jira kaɗan kake yi ka sake fitowa. Nan ya tsaya, Salanieta ta ce ba ta ce ya tsaya ba. Ya zo kan wanda ya kira masu igiya nub, ya ce ma'anarsa wanda bai iya aiki ba. Ta juya ta kalli ƙanenta, wanda igiyar ta zame wa, ta ce wannan kam bai yi ƙarya ba. Wani ya yi tari don ya danne dariya. Daga ƙasa kuma akwai waɗanda suka gane, suna rubuta wa 'yan'uwansu su yi shiru jana'iza ce, suna ba da haƙuri. Waɗannan ma ta sa ya karanta.

Da ya gama ta ce, "Su baƙi ne, ba su san inda aka kawo su ba. Kai fa? Wa ya sa ka?"

Ina jin Waisale yana gyara zama zai amsa masa. Sekove ya riga shi.

"Ba kowa, Nei. Na ji ƙarar, bakina ya tafi. Ban tuna da Momo ba sai da na gama."

Na rufe ido. Da ya ce ruɗewa ya yi, da ya ce yana ƙoƙarin korar su ne, da dattawan sun karɓa, don abin da suke jira ke nan. Ya faɗi abin da kowa ya gani amma ba a so a ji, cewa na ɗan lokacin nan murna yake yi.

 Sekove, kai har yanzu a ƙasa, ya ce zai goge hoton daga shafinsa yau ɗin nan, zai rufe shafin ma gaba ɗaya, zai bi waɗanda suka watsa ya roƙe su su cire.

Salanieta ta ce kada ya kuskura.

Ta ɗauki wayar ta ja hoton baya zuwa daidai kafin kukan aladen, ta juya mana allon. Akwatin a kan igiya, fuskar Inoke a kusurwa, baki a ɗan buɗe. Ta ce duk duniya nan ne kawai ɗanta da ubansa suke tare a ranar. Ba wanda ya ɗauki wani hoto, kowa ya dogara da mai gidan rediyo. Sekove ya ce zai iya yanke mata wannan wurin shi kaɗai, ya cire sauran. Ta ce ba ta son yankakke, haka aka binne mijinta, haka za a bar shi, da aladen da gaisuwar da komai, kuma a inda yake, don Inoke a can yake kallonsa. Sannan ta ce wa dattijon ya taɓa damin.

Aka dama, aka yi tafi. Mai rabo ya zo kan Sekove ya tsaya. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Ba a mayar da shi wurin zamansa na da ba, kuma bai nema ba. A bikin dare na ɗari shi ya yi ta ɗiban ruwa da fasa itace, waya na cikin jakata.

Inoke har yau bai ɗauki kiransa ba. Salanieta ta ce a bar shi, shi aka hana magana, shi zai zaɓi ranar da zai yi ta.

Bayan wasu watanni na sake jin murya ta bango. Ya koma haskawa. Mutanensa sun ma ƙaru, wasu don su ga mai gaisuwar kabari suka zo, suka tarar da mai ƙiba yana harbin bishiya, suka zauna. Ya cire aladen, ya cire matar inji. Har yanzu yana gaida kowa da sunansa. Idan hari ya zo, nakan ji ɗan shiru tukuna, kamar mai duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi, sannan ya ce barka da zuwa. Hoton jana'izar na nan a shafin, duk wanda ya shigo zai gan shi, kuma kullum da safe sai ya bi ya share abin da marasa kunya suka rubuta a ƙarƙashinsa, ya bar masu ef. Ni ban taɓa buɗe shi ba, na gani da idona sau ɗaya ya ishe ni.

Na riga na gaya masa, kuma na gaya wa fasto a gabansa, ranar tawa jana'izar shebur za a ba shi, ba waya ba.